Sharuɗɗan Tuƙin Jirgin Sama da Nauyin da Ke Kan Matuƙi

'Yan'uwana malamai da ɗalibai, duk wanda zai koyar a ƙasar Katagum, ko a Azare cikin gari ne, ko Madara, ko Gamawa, ko Itas, ba zai daɗe ba sai wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, yaya a ke zama direban jirgin sama?" Amsar da yawancinmu mu kan bayar ita ce, "Sai ka yi karatu ƙwarai." To, wannan sallama ce kawai, yaron ya koma ya zauna bai ƙaru da kome ba. Saboda haka na ga ya kamata in tattaro mana sharuɗɗan da doka ta gindaya wa mai koyon tuƙi, da na mai tuƙin ƙashin kansa, da nauyin da ke kan kowannensu. Ni dai malamin labarin ƙasa ne, ba matuƙi ba. Amma dokokin nan a rubuce su ke, kuma rabinsu lissafi ne da labarin ƙasa irin wanda mu ke koyarwa kullum.

Jirgin sama ba baƙo ba ne a Arewa. A watan Nuwamba 1925 jirage uku na sojan saman Ingila suka taso daga Masar suka sauka a Kano, su ne na farko. A 1944 ƙasashen duniya suka taru a Shikago ta Amurka suka ƙulla yarjejeniya kan zirga-zirgar jiragen farar hula, daga nan aka sami ƙungiyar da a ke kira ICAO, mai hedkwata a Montiriyal ta Kanada. Ita ce ke yanka mafi ƙarancin sharuɗɗan da kowace ƙasa za ta bi kafin ta ba mutum lasin. Ƙasa tana da ikon ta tsananta, amma ba a so ta sassauta, gama jirgi ba ya sanin iyaka. A Nijeriya hukumar NCAA ce ke ba da lasin, ita ce kuma ke karɓe shi. Makarantar koyon tuƙi kuwa, babbarta ita ce ta Zariya, wadda aka kafa da doka a 1964 da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya. Akwai kuma wata a Ilori.

Lasin hawa hawa ne. Na ƙasa shi ne na ɗalibi. Sai na mai tuƙin ƙashin kansa, watau wanda zai tuƙa jirgi don buƙatarsa ko sha'awarsa ba don a biya shi ba. Sai na tuƙin haya, wanda ba a ba wanda bai kai shekara 18 ba, kuma bisa ƙa'idar duniya sai ya tara awa 200 a sama, ko 150 in a makarantar da aka yarda da ita ya yi karatun a jere. Can ƙoli sai lasin kyaftin na manyan jiragen fasinja, shekara 21 da awa 1,500. Yawancin matuƙan da ke kai alhazai Jidda ta matakan nan biyu na ƙasa suka bi, su ne kuma maganarmu.

Ɗalibi sai ya cika shekara 16. Kafin a bar shi ya tashi shi kaɗai kuwa, tilas likita ya duba shi, ba kowane likita ba, sai wanda hukuma ta naɗa don wannan aiki. Shaidar lafiya aji aji ce. Ɗalibi da mai tuƙin kansa aji na biyu a ke nema gare su, mai tuƙin haya aji na ɗaya. Shawarata ga duk yaron da ya nufi tuƙi ya zama sana'arsa, ya nemi gwajin aji na ɗaya tun kafin ubansa ya sayar da gona, kada sai an kashe dukiya sa'an nan likita ya ce ba hali.

Ana duba zuciya, da hawan jini, da fitsari, da ji, da gani. Mutane da yawa suna zaton mai sa tabarau ba ya tuƙa jirgi. Ba haka ba ne. In tabarau ya gyara ganinsa, an yarda, sai dai a ce ya riƙa sa shi yana tuƙi, ya kuma ajiye wani na biyu kusa da hannunsa. Abin da ya fi kayar da yara shi ne rarrabe launi, kuma da yawa ba su san suna da wannan lalura ba sai ran gwaji. Dalilin tsanantawa kuwa, kowane jirgi yana da fitila ja a fiffikensa na hagu, koriya a na dama, fara a wutsiya, da su a ke gane inda ya dosa cikin duhu. Har wa yau in rediyon jirgi ya mutu, da fitila ma'aikatan hasumiya ke yi wa matuƙi magana. Koriya tsayayya, ka sauka. Ja tsayayya, ka ba wani hanya ka ci gaba da kewaye. Ja mai ƙyaftawa, filin ba lafiya, kada ka sauka. Wanda ja da kore duk ɗaya ne gare shi, yaya zai yi? Farfaɗiya tana hana lasin. Ciwon amosanin jini, watau sikila, shi ma babbar magana ce, gama iska tana raguwa a sama. Amma wanda ke ɗauke da rabin gadon kawai, bai da ciwon, galibi ba a hana shi. Bayan gwajin farko kuma ba a gama ba, ana komawa lokaci lokaci, kuma in mutum ya haura shekara 40 sai a matse tsakanin.

Ga wani abu da na ke so ku lura da shi. Takardar likita shaida ce ta ranar da aka duba mutum. In daga baya zazzaɓin cizon sauro ya kama shi, ko mura ta toshe masa kunne, ko ya sha maganin da ke sa barci, doka ta ɗora masa ya hana kansa tashi. Ba ɗan sanda a bakin jirgi da zai taɓa goshinsa.

Ku da ku ke fita koyon aikin malanta, kun fi kowa gane matsayin ɗalibin tuƙi. Da farko ka zauna a bayan aji kana kallon malami. Sa'an nan ka karɓi alli yana zaune yana kallonka. Sa'an nan wata rana ya fita ya bar ka da yara. Haka a ke yi a jirgi. Jirgin koyo ƙarami ne, mai inji ɗaya da farfela, yana da abin tuƙi biyu, na malami da na ɗalibi. Za su yi ta tashi da sauka, tashi da sauka, suna kewaya fili, har ran da malami ya gamsu. Sai ya sa hannu a littafin ɗalibin, ya buɗe ƙofa ya sauka, ya ce, "Je ka, kewaye ɗaya." Inda misalin ya rabu shi ne, in darasi ya rikice maka, shugaban makaranta yana iya leƙowa ya karɓi allin. Wanda ke ƙafa 1,000 bisa ƙasa kuwa, ba mai leƙo masa.

Don haka aka ɗaure ɗalibi da igiya gajera. Ba ya tashi shi kaɗai sai da izinin malaminsa, kuma izinin na wannan tashin ne, ba na kullum ba. Ba ya ɗaukar kowa, ko ƙanensa, ko abokin da zai ɗauke shi hoto. Ba ya ƙetare iyakar ƙasa shi kaɗai sai in ƙasashen biyu sun yi wani shiri. Wannan ba ƙaramar magana ba ce a Arewa, gama wanda ya tashi daga Katsina ya yi sakaci kaɗan, kafin ya farga yana bisa Maraɗi. Malamin kuwa, sa hannun nan da ya yi ya ɗauki alhakin ran yaron ke nan.

Kafin a kai ga haka da kuma bayansa, akwai karatun aji, mai jarrabawa a rubuce. Ana koyon dokokin sama, da yadda inji da na'urorin jirgi ke aiki, da abin da ke riƙe jirgi a iska, da lissafin nauyi da mai, da ilmin yanayi, da taswira da kamfas, da yadda a ke magana a rediyo, da kuma halin jikin ɗan Adam da kwakwalwarsa a sama. Na ƙarshen nan shi ne wanda ɗalibai ke rainawa, alhali shi ne ke kashe mutane, kamar yadda za mu gani. Maganar rediyo da Turanci a ke yi. ICAO ta kasa iya Turanci mataki shida, na huɗu shi ne mafi ƙarancin abin da a ke karɓa. Ba nahawu mai zurfi a ke nema ba. A ji ka sarai, kai ma ka ji, ka maimaita umurnin da aka ba ka daidai, in kuma abu ya ɓaci ka iya faɗin abin da ya same ka da kalmominka. Malaman Turanci sai su duba, yaron da ya iya cika takarda amma bakinsa ya kan mutu in an tsayar da shi gaban aji, bai shirya wa wannan aiki ba tukuna.

Mu zo kan lasin na biyu. Mai nemansa sai ya cika shekara 17, ya ci jarrabawar aji, ya tara aƙalla awa 40 a sama. Daga ciki awa 10 shi kaɗai, daga cikin goman nan kuma awa 5 na tafiya daga gari zuwa gari ne. A cikinsu lalle akwai tafiya ɗaya mai tsawon kilomita 270 ko fiye, wadda zai sauka ya tsaya cik a filaye biyu dabam dabam. Don ku gane tsawon, ya yi kusa da nisan Kano zuwa Potiskum a miƙe, ta kan Azare. Awa 40 ɗin nan mafi ƙaranci ne, mutane da yawa su kan wuce su kafin malami ya yarda ya gabatar da su. Daga ƙarshe mai jarrabawa na hukuma ya shiga jirgi tare da shi. Zai sa shi ya rage gudu har fiffike ya kasa riƙe iska, jirgin ya sunkuyar da kai, ya ga ko ya san yadda a ke farfaɗo da shi. Zai rage masa wutar inji ba zato ya ce, "Inji ya mutu, ina za ka sauka?" Ɗalibi ya zaɓi fili ko gona nan take, ya daidaita jirgin ya nufe ta. Kowace awa kuma tana rubuce a littafinsa, da rana, da jirgin, da inda aka je. Ƙarya a littafin nan laifi ne da ke jawo karɓe lasin.

A wajen tafiya daga gari zuwa gari ne darasinmu na taswira ke shigowa. A ce mutum ya tashi daga Kano zai zo ɗan filin saukar jirgi na Azare. A miƙe wajen kilomita 185 ne, gabas da ɗan karkatawa kudu. In jirginsa yana cin kilomita 185 a awa, lissafin ɗan aji huɗu ya ce awa ɗaya. Amma jirgi cikin iska ya ke iyo, iskar kuwa tafiya ta ke yi. Da hunturu daga arewa maso gabas ta ke busowa, saboda haka tana rage masa gudu, tana kuma tura shi kudu. Ƙa'idar matuƙa ita ce, kuskuren digiri 1 a tafiyar mil 60 yana kauce da kai mil 1. In iska ta karkatar da shi digiri 10 bai gyara ba, bayan kilomita 185 ya kauce wajen kilomita 32. Watau yana neman Azare a ƙarƙashinsa, sai ya ga Giyade. Shi ya sa tun a ƙasa a ke neman labarin iska daga hukumar yanayi ta NiMet, a lissafa yadda za a karkata hancin jirgi, a kuma zaɓi alamomin da za a riƙa dubawa: babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri, da duwatsun Dutse, da kogin Jama'are. Ko kogin ma sai da lura. Da damina ruwa ne shimfiɗe har ya wuce tsohon garin Katagum, da rani kuwa galibinsa farin rairayi ne, taswira kuma shuɗi ta zana shi duka. Na san yanzu akwai na'urar GPS da ke nuna wa mutum inda ya ke. Duk da haka ana tilasta wa ɗalibi ya iya da taswira da agogo da kamfas, gama batir ya kan mutu.

To, ya sami lasin. Me ya halatta masa? Ya zama shugaban jirgi, ya ɗauki iyalinsa ko abokansa, ya je inda ya so cikin yanayi mai kyau. Me bai halatta masa ba? Karɓar lada. Ba ya ɗaukar fasinja ko kaya don kuɗi, ba ya yin aikin haya irin feshin tsuntsayen jan baki da a kan yi wa gonakin gero da shinkafa. Kuma lasin ba ya nufin kowane jirgi. Wanda ya koya da mai inji ɗaya ba ya hawa mai inji biyu sai da ƙarin horo da shaida. Tashin dare sai da horonsa, shiga gajimare da dogara ga na'urori kaɗai sai da tasa shaidar dabam. In kuma ya kwana 90 bai tashi ya sauka sau uku ba, ba ya ɗaukar kowa sai ya sabunta hannu.

Babban abin da lasin ya ɗora masa shi ne wannan: tun daga rufe ƙofa har kashe inji, maganarsa ce ta ƙarshe, alhakin kuma nasa ne. Ko wane ne ke zaune a baya, attajiri ne ko basarake, ko ma mai jirgin, in matuƙi ya ce ba a tashi, ba a tashi. A ƙasarmu, inda aka tarbiyyantar da yaro kada ya musa wa babba, ina ganin wannan ya fi awa 40 wuyar koyo.

Nauyin tun a ƙasa ya ke farawa, ba a fafe gora ranar tafiya. Ya duba takardun jirgi, ya ga injiniya ya sa hannu. Ya kewaya jirgin da ƙafarsa, ya duba taya, da farfela, da man inji, da mahaɗan fukafukai. Ya buɗe tanki ya ga mai da idonsa, kada ya amince da allura kaɗai. Ya tsiyayo ɗan mai daga ƙasan tanki cikin kwalba ya ɗaga ya duba, gama ruwa ya fi mai nauyi, a ƙasa ya ke kwanciya, kuma shi inji zai fara zuƙa. Man kuwa ya isa inda za shi, da rarar aƙalla minti 30 in da rana ne, 45 in da dare.

Sai lissafin nauyi. A ce, don misali, ƙaramin jirgi mai kujera huɗu an yarda masa ya ɗauki kilo 400 bayan nauyin kansa. Litar man jirgi irin wannan wajen kilo 0.72 ce, saboda haka lita 150 ta cinye kilo 108. Saura 292. Maza huɗu masu kilo 75 kowanne, kilo 300 ke nan. An wuce iyaka tun ba a sa ko jaka ba. Kujera huɗu ba ta nufin mutum huɗu. Ko a rage mai, in tafiyar ta yarda, ko wani ya haƙura ya bi mota. Halin tashar mota na "a matsa a ɗauki ɗaya" ba shi da wuri a nan. Ban da yawan nauyi ma, inda aka ajiye shi abin lura ne, gama in ya taru a baya hancin jirgi ya kan ɗaga fiye da kima.

Zafi kuma yana da nasa lissafin, wanda ya shafe mu fiye da mutanen Turai. Iska mai zafi ba ta da kauri, saboda haka fiffike ba ya samun abin riƙo sosai, inji ma ba ya samun isasshen numfashi. Ma'aunin da aka ajiye shi ne digiri 15 a bakin teku, yana raguwa wajen digiri 2 a kowace ƙafa 1,000. Filin jirgin Kano yana bisa teku da ƙafa 1,500 da 'yan kai, watau ma'auninsa digiri 12. Da azahar a watan Afrilu zafi ya kan kai 40, ya haura ma'auni da 28. Kowane digiri ɗaya na ƙari daidai ya ke da hawa wajen ƙafa 120. In ka ninka 28 sau 120 ka sami 3,360, ka haɗa da tsawon filin, ka tasam ma ƙafa 4,900. Ma'ana, jirgin yana Kano amma yana aiki kamar an ɗora shi bisa tudun da ya fi na Jos. Zai ci titi mai tsawo kafin ya ɗaga, ya kuma hau da ƙyar. Titin da ya ishe shi da asuba a watan Janairu, ba lalle ya ishe shi da rana tsaka a bazara ba.

Amma babban abokin gābar mai tuƙin kansa a ƙasar nan hazo ne. Da ido ya ke tuƙi. Ƙa'idar gama gari ita ce ya iya hangen kilomita 5 gabansa, ya kuma nisanci gajimare. Daga Nuwamba zuwa Maris iska tana kwaso ƙura daga Hamada, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, wata rana mutum yana tsakar Azare ba ya hango kilomita ɗaya. Mugun halin hazo shi ne, in ka dubi ƙasa kai tsaye daga sama kana ganin gonaki, sai ka ce ai da sauƙi. In ka dubi gaba kuwa, ba ka ganin inda sama ta haɗu da ƙasa. Da wannan layin ido ke sanin ko jirgi a miƙe ya ke ko ya karkata. In ya ɓace, sai jiki ya koma dogara ga wani ruwa da ke cikin kunne, shi kuwa ba ya jin karkata in a hankali ta zo. Mutum yana juyawa yana gangarowa, jikinsa yana rantse masa a miƙe ya ke. A 1954 Jami'ar Ilinoi ta Amurka ta gwada matuƙa 20 waɗanda ba su da horon tuƙi da na'ura, aka rufe musu ganin waje. Dukansu jirgi ya kuɓuce musu, a matsakaici cikin daƙiƙa 178, ko minti uku ba a cika ba. Saboda haka a ke koya wa ɗalibi abu guda: in ya faɗa cikin abin da ba ya gani, ya ƙi jin jikinsa, ya kafa ido kan na'ura, ya juya a hankali ya koma inda ya fito.

Da damina kuma hadari ne. Ran 24 ga Yuni 1956 wani jirgin kamfanin BOAC mai inji huɗu ya tashi daga Kano hadari yana kusa da ƙarshen titi. Iska ta juya masa farat ɗaya, ya kasa hawa, ya bugi itace. Mutum 45 ke ciki, 32 suka rasu. Sai bayan shekaru masana suka gane sosai irin iskar nan da ke zubowa daga cikin hadari ta daki ƙasa ta watsu. In ta kayar da mai inji huɗu da ƙwararrun matuƙa, ina ga ɗan jirgin koyo? Hadarinmu daga gabas ya kan taso, ana ganinsa tun daga nesa, kuma ba ya daɗewa. Magani a zauna a ƙasa a sha shayi har ya wuce.

Dare ma yana da nasa tarkon, gama a ƙasashenmu magariba ba ta jira. Daga faɗuwar rana zuwa duhu minti 20 ne da 'yan kai. A nan tilas in ambaci abin da kowa ya ji labarinsa, ba don cin zarafin mamaci ba. Marigayi Danbaba Suntai, Gwamnan Taraba, a Zariya ya koyi tuƙi, yana da lasin mai tuƙin kansa. Ran 25 ga Oktoba 2012 ya tuƙo jirgi ƙirar Cessna 208 daga Jalingo zuwa Yola, ya faɗi kafin ya isa fili. Shi da mutanensa suka ji rauni, nasa ya fi tsanani, bai koma daidai ba har ya rasu a 2017. Rahoton hukumar binciken haɗuran jirage ya nuna ba shi da shaidar tuƙa wannan irin jirgi, kuma tafiyar ta tuƙin ido ce amma ta kai shi bayan faɗuwar rana. Sharuɗɗa biyu ke nan daga cikin waɗanda na lissafa a baya, masu kama da cika takarda kawai.

Sauran dokokin ba su buƙatar dogon bayani. Ba a tashi cikin awa 8 bayan shan barasa, ko da mayen wani abu. Ba a sauko ƙasa da ƙafa 500 a daji, bisa gari ko taron jama'a kuwa ƙafa 1,000 sama da gini mafi tsawo, sai wajen tashi da sauka. Saboda haka shawagi bisa rufin gidan su amarya, ko bisa filin hawan salla don a ga gwaninta, laifi ne. In jirage biyu suka fuskanci juna kowa ya kauce dama. A filin da ba hasumiya, mai hankali ya kan kewaya ya duba titi tukuna, gama shanu da awaki da masu keke ba su san dokar sama ba. Ya kuma yi hattara da ungulu da shirwa kusa da mayanka, da garken tsuntsayen fadamar Haɗeja da Nguru.

Abin da za ku gaya wa yaron nan ke nan. Makarantar Zariya tana neman kiredit biyar na sakandare, ciki har da Turanci da lissafi da kimiyyar Fiziks, saboda haka wanda ya gudu daga ajin kimiyya tun yana aji huɗu ya rufe wa kansa ƙofa bai sani ba. Karatun yana da tsada ƙwarai, yawancin 'ya'yan talakawa da suka yi shi gwamnatin jiha ko wani kamfani ne ya ɗauki nauyinsu. In yarinya ce ta yi tambayar, amsar ɗaya ce. Kyaftin Chinyere Kalu, mace ta farko a Nijeriya da ta zama matuƙiyar haya, a Zariya ta yi karatu, ta kuma zo ta shugabanci makarantar a 2011.

Masu fita koyarwa zangon nan, ga lissafi ku gwada wa 'yan ajinku. Jirgi yana cin kilomita 180 a awa, yana shan lita 30 a awa. Za shi gari mai nisan kilomita 300, iska tana busowa daga gabansa da gudun kilomita 30 a awa. Awa nawa zai yi a hanya, kuma lita nawa ce mafi ƙarancin abin da doka ta yarda ya tashi da ita da rana?